Waƙar Sunayen 'Ya'yan Baƙi

Wayyo duniya! Rana ta take tsaka, Matar Direba tana tsaye a ƙofar gidan surukanta, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf da ruwan nono, kukan ɗanta yana fitowa daga ciki kamar ana yankar naman jikinta. Ta san wannan kukan sarai... ba na yunwa kaɗai ba ne, na barci ne, irin wanda yake yi yana murza kunnensa na hagu. Ta bubbuga ƙofar ƙarfen har tafin hannunta ya yi jawur.

"Yaya Babba, don girman Allah ki buɗe! Ba ɗauke shi zan yi ba, nono kawai zan ba shi in tafi..."

Muryar yayar mijinta ta fito ta ƙasan ƙofa, a sanyaye, babu ko ɗigon tausayi. "Ki je ki shayar da waɗanda kike kira. Ɗan ƙanina ya gama shan nonon mai aljanu."

Har yanzu Matar Direba ake ce mata, duk da cewa direban ya riga mu gidan gaskiya tun tana da ciki wata shida, ranar da babbar motarsa ta kife a hanya. Marainiya ce, ba uwa ba uba, ba wa ba ƙane. Abin da take da shi a duniya shi ne yaron nan da kakansa ke kira Babban Mutum, sai aikinta na shara da goge-goge a wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke bayan babbar tasha, unguwar da baƙi suka cika, 'yan kasuwa da 'yan ci-rani daga ƙasashen da ko sunansu ba ta iya faɗa. A nan ta kamu da wata ɗabi'a: duk matar da ta haihu, idan ta shigo canza mata zanin gado, sai ta leƙa fuskar jaririn ta tambaya, "Me za a sa masa? Me yake nufi a yarenku?" Matan sukan yi dariya su faɗa mata da gurguwar magana da nunin hannu. Nilufar, furen da ke fitowa a kan ruwa. Bintan, tauraro. Tasfaye, abin sa raina. Zawadi, kyauta. Tendai, ku gode. Takan riƙa maimaita su tana matse tsumma a bokiti, don daɗin da suke mata a baki.

Akwai ɗaya da bai taɓa barin ta ba. Matar wani mai sayar da darduma ce ta haifi ɗan mitsitsin yaro, bayan ta binne waɗanda suka riga shi, ta sa masa Dursun, wato ya zauna, kada ya tafi. Bai zauna ba... Matar Direba ce ta cire zanin ƙaramin gadon da safe, yana nan da ɗumi-ɗuminsa. Tun daga ranar, idan ta zo goge wannan kusurwar sai ta ji tsigar jikinta ta tashi, kamar akwai wanda ke kwance yana jira a kira shi.

Da ta haifi nata, ba ta da uwar da za ta koya mata waƙar reno, sai ta jera sunayen nan ta sa musu murya. "Nilufar, Bintan, Tasfaye... Zawadi, Tendai, Dursun..." Kafin ta zagayo sau biyu Babban Mutum ya saki kunnensa ya yi barci. Yaya Babba da kanta ta taɓa tarar da ita a kicin tana rerawa, ta tambaye ta, ita kuma ta zauna ta fassara mata su ɗaya bayan ɗaya, har Yaya Babba tana dariya tana cewa, "Ke kam kin kwaso wa kanki aiki, mai tsintsiya!"

Ashe dariyar ba ta kai ciki ba. Yaya Babba ba ta taɓa yarda cewa mai sharar asibiti ta isa ta reni jinin ƙaninta ba, ga kuma ɗakin marigayin da take so ta saka ɗanta da zai yi aure. Wata rana ta laɓe a taga ta ɗauki Matar Direba a waya, idonta a rufe, hawaye na zuba, tana jijjiga yaro tana jera sunayen. Kafin la'asar hoton bidiyon ya gama wayoyin dangi, da rubutu a ƙasa: ku ji yadda take kiran mutanen ɓoye a kan maraya, da haka ta cinye ubansa.

Inna lillahi! Daga nan masifa ta riƙa zuwa a jere. Aka fizge yaron daga bayanta a tsakar gida. Aka watso mata kayanta a buhu. Ta rantse, ta yi bayani, ta ce sunayen yara ne, Yaya Babba ta dafa ƙirji ta ce, "Sunayen yara? Ni ban taɓa jin wannan ba sai yau. Wane ɗan Adam ake kira haka?" Surukinta, Baba Tsoho, wanda idanunsa suka daɗe da dushewa, yana zaune a kujerarsa bai ce uffan ba. Hoton ya fita daga dangi ya shiga gari. Mai asibitin ya kira ta ya ce ta ɗan huta a gida, masu ciki sun fara tsoron ta taɓa musu gado. A layi, uwaye na janye 'ya'yansu idan ta gifta. Wata tsohuwa mai wankau ce kaɗai ta ba ta kusurwar ɗaki, a nan nonon ya cika ya yi tauri kamar dutse, zazzaɓi ya rufe ta, tana tatsa a kofi tana zubarwa a magudana tana kuka.

Abin da ya fi ci mata rai, ta fara shakkar kanta. Idan ta rufe ido sai ta ga ƙaramin gadon nan babu zani. Ko dai da gaske ne? Ko kiran sunan wanda ya tafi ne ya jawo mata? Ta daina waƙar, ta datse bakinta, amma sunayen suka ƙi barin ta. Tana jin su a ɗigar famfo, a ƙarar injin niƙa, a takun masu wucewa. "Ya Allah," take cewa a sujada, "Kai ne shaidata ban nufi kowa da sharri ba. Ko ba za a wanke ni ba, Ka sa a riƙa shafa masa mai a wuya, zafi na fito masa da ƙuraje..."

Wata safiya tana shanya kayan mai wankau, sai ga Sista, babbar ma'aikaciyar jinyar asibitin, da wasu mata huɗu a bayanta, kowace da irin shigarta. Nan take Matar Direba ta gane wadda ke gaba, duk da ta rame: matar mai darduma ce. Matar ta miƙo waya, hoton nan ne ke ciki.

"Ke ce?" ta tambaya da gurguwar magana. "Ke ce kike kiran ɗana?"

Matar Direba ta durƙusa. "Ki yafe mini, baiwar Allah, ban san zai ɓata miki rai ba..."

Matar ta faɗa kanta ta rungume ta, ta fashe da kukan da ya sa maƙwabta leƙowa. "Tun da aka binne shi ba wanda ya ƙara faɗin sunan. Mijina ba ya faɗa. Ni ma na kasa. Na zaci duniya ta manta ya taɓa zuwa... sai ga shi a bakinki, kina rera shi kamar yana raye!"

Sista ta share ido ta ce, "Tashi ki sa mayafinki. Kuka ya isa haka, ga inda za a je a yi shi."

Suka tarar da ƙofar gidan a buɗe, dangi sun taru a tsakar gida, domin yaron ya ƙi madarar gwangwani, ya ƙi barci, muryarsa har ta dushe. Yaya Babba na ganinsu ta miƙe. "La'ilaha! Yau kuma da su ta zo a fili?"

"Mu mutane ne, Hajiya," in ji wata doguwa, ta turo wata 'yar yarinya mai kitso biyu gaba. "Ga Zawadi. Taɓa ta ki ji ko iska ce." Ta kusa da ita ta juyo da goyonta. "Ga Bintan, aljanin da ya cinye mini rabin burodi a hanya." Wani ya yi dariya ya haɗiye. Matar mai darduma ta tako a hankali, hannunta babu kowa. "Nawa ba zan iya nuna muku ba. Yana ƙarƙashin ƙasa. Dursun sunansa."

Yaya Babba ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "To ni ina na sani? Abin da kunnena ya ji na faɗa. Da ta yi mini bayani tun farko..."

"Ƙarya kike yi."

Baba Tsoho ne. Ya dogara sandarsa ya miƙe, hawaye na bin gemunsa. "Idona ne ya mutu, kunnena yana nan. Jiya da azahar, da yaron nan ya ƙi shiru, kin kulle ɗaki kin zaci barci nake. Na ji ki kina rera masa waƙar nan da bakinki. Har kika kakare a tsakiya, na ji kina cewa, wanne ne ma tauraron, wanne ne furen ruwan? Wa ya gaya miki tauraro ne, idan ba ki sani ba? Idan kiran aljanu ne, me ya kai shi bakinki a kan jikana?" Ya juya wajen da yake jin shessheƙar surukarsa. "'Yata, na yi shiru ranar da ya kamata in yi magana. Ki yafe wa tsoho."

Ƙannen Yaya Babba suka sunkuyar da kai. Ɗanta mai shirin aure ya zare makullin ɗakin marigayi daga aljihunsa ya ajiye a ƙasa ya fice. Baba Tsoho ya ce Yaya Babba ta tattara nata ta koma gidanta, kada ta ƙara taka masa ƙofa sai ta bi gida-gida, duk inda hoton ya shiga, ta faɗa da bakinta cewa ƙazafi ta yi.

Matar Direba ba ta tsaya jin sauran ba. Ta riga ta ɗauke ɗanta daga tabarma, ta zauna a dandaryar ƙasa ta juya baya ta sa masa nono. Ya kama da ƙarfi yana ajiyar zuciya, ɗan hannunsa na laluben kunnensa. Ta duba wuyansa, ga ƙurajen nan jawur, ta ce a miƙo mata mai.

Matar Direba ta koma ɗakin marigayin, Sista kuma ta mayar da ita bakin aikinta a satin. Ita kuwa Yaya Babba, ta bi gidajen kamar yadda aka ce, amma abin bai tsaya nan ba. Waƙar ta maƙale mata. A kasuwa, a cikin mota, a layin famfo, sai a ji leɓɓanta na motsi, Nilufar, Bintan, Tasfaye, ba ta san tana yi ba. Yanzu ita ce idan ta gifta uwaye ke janye 'ya'yansu.

Matar mai darduma takan zo duk ƙarshen mako da 'yar ledar lemo, ta zauna a bakin gado lokacin barcin rana, ba ta cewa komai sai waƙar ta zo sunan ƙarshe. Ranar da Babban Mutum ya fara takawa, ya saki gefen kujera ya tafi tangal-tangal ya faɗa cinyarta. Ta riƙe shi gam, ta sa fuskarta a gashinsa, ta daɗe a haka.

"Wannan ya zauna," ta ce da ƙyar. "Alhamdu lillahi... wannan ya zauna."