Na-Gane da Jirgin Yaƙi

Akwai wani yaro da ake kira Na-Gane a gidansu. Ba sunansa na yanka ba ne, bakinsa ne ya jawo masa. Kafin ka gama yi masa bayani, ya riga ya ce, "Na gane, na gane!" Ko aikensa Mama za ta yi, sai ya ruga tun ba ta faɗi abin da zai sayo ba.

Yaron yana son jirgin sama ƙwarai. Duk bayan littattafansa zanen jirgin yaƙi ne. Da ya ci jarrabawa, kawunsa mai gyaran rediyo ya ce zai saya masa na wasa, irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot.

Suna shiga shago, idonsa ya faɗa kan wani babba mai launin toka. An zana masa baki da haƙora a hanci.

"Kawu, wannan nake so!"

Mai shago ya girgiza kai. "Yaro, wancan na ƙwararru ne. Yana da nauyi, ga gudun tsiya. Ɗan koyo ba ya farawa da shi."

Sai ya sauko da wani ƙarami, kore irin kayan soja. Jikinsa ba nauyi, kamar soso. Farfelar da take juyawa a hancinsa ta roba ce, idan ta bugi abu sai ta fice.

"Ga na ɗan koyo," in ji shi. "Ka ga wannan makunnin a jikin rimot? Idan yana sama, jirgin zai riƙa daidaita kansa. Idan ka maida shi ƙasa kuwa..."

"Na gane, na gane," in ji yaron, yana ta satar kallon mai haƙora.

Kawu ya ɗauki koren.

A gida, Kawu ya tsayar da shi a tsakar gida, suna fuskantar juna.

"Ɗaga hannunka na dama," in ji Kawu. Yaron ya ɗaga. Shi ma Kawu ya ɗaga nasa. "Ka gani? Dukkanmu dama muka ɗaga, amma ba gefe ɗaya suke ba. Haka jirgin yake. Idan ya ba ka baya, damarka damarsa ce. Idan ya juyo yana kallonka, damarka hagunsa ce."

"Na gane."

"Kada ka tashe shi in ba na nan. Sai a babban fili, inda ba mutane. Kuma kada ka taɓa makunnin nan."

"Kawu, ai na ce na gane!"

Ko kalma ɗaya ba ta zauna masa ba.

Ranar Asabar aka kira Kawu aiki. Ya ce su bari sai gobe. Yaron ya zauna yana kallon jirgin a kan tebur, zuciyarsa tana ta ingiza shi. Da Mama ta shiga wanki, ya ɗauke shi ya lallaɓa ta ƙofar baya. Ƙanwarsa Auta ta biyo shi, ko takalmi ba ta saka ba.

"Yaya, Kawu ya ce a jira shi."

"Ke dai tsaya can ki yi kallo."

Bayan gidan akwai ɗan fili tsakanin katanga biyu. Auta ta tsaya daga gefensa na dama. Ya kunna, ya wurga jirgin. Sai ga shi ya tashi, yana ƙara kamar babban ƙudan zuma. Auta ta yi tsalle tana tafi.

Yaron ya ga abin ba wuya. Ya so jirgin ya yi alkafura a sama, amma jirgin ya ƙi. Duk lokacin da ya karkata shi, sai ya koma daidai.

"Wannan makunnin ne yake hana ni," ya ce a ransa. Ya danna shi ƙasa.

Nan take jirgin ya zama wani abu dabam. Ya yi sama, ya yi ƙasa, ya kusa bugun katanga. Da ƙyar ya juyo da shi. Yanzu hancinsa yana kallon su, kuma yana karkata wajen Auta.

Auta tana damarsa, don haka ya tura sandar rimot hagu da dukkan ƙarfinsa.

Jirgin ya ƙara yin wajenta.

Ya ji ƙarar bugun, sannan ya ji ihun Auta. Ta durƙushe ta rufe fuska da hannu biyu. Jini yana bin tsakanin yatsunta.

"Idona! Yaya, idona!"

A asibiti aka shige da ita wani ɗaki aka rufe ƙofa. Yaron ya zauna a kan dogon benci. Wurin yana warin magani. Jinin Auta ya bushe a gaban rigarsa. Mama tana gefensa, hannunta da sauran kumfar wanki. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta ko kalle shi ba. Da ma dukansa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Likita ta fito. "Farfelar ta yanka fatar idon, mun ɗinke," in ji ta. "Amma idon ya kumbura sosai. Sai kumburin ya sauka za mu san ko zai gani."

Mama ta dafa bango. Kawu ya iso da gudu, jakar kayan aikinsa a kafaɗa.

"Me ya faru?"

"Ni ne, Kawu," in ji yaron. "Na ɗauki jirgin ba ka nan. Na taɓa makunnin. Na tura shi hagu don ya kauce mata, sai ya..." Kuka ya ci ƙarfinsa.

"Jirgin yana kallonka ne a lokacin?" in ji Kawu.

"E."

Kawu ya ajiye jakarsa, ya zauna kusa da shi.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa gidan nauyi. Auta tana kwance da bandeji a rabin fuska. Idan za ta ɗauki kofi, hannunta sai ya wuce ta gefe. Ko fanka aka kunna, sai ta firgita ta ƙanƙame Mama, don ƙarar tana tuna mata da jirgin. Haka suka zauna cikin zafi, fanka a kashe.

Yaron ya daina cin abincin kirki. Da ya dawo daga makaranta, sai ya zauna yana yi mata fifita da kwali.

"Yaya, in idon ya mutu, za a sa mini wani?" ta tambaye shi wata rana.

Ya fita bayan ɗaki ya yi kuka har ya gaji.

Ranar cire bandeji, ya shirya a gurguje ya bi su. Likita ta warware a hankali. Ta rufe wa Auta ido mai lafiya da tafin hannu.

"To, 'yar gidana, me kike gani?"

Auta ta ƙifta ido, ta sake ƙiftawa.

"Ina ganin Yaya yana kuka," ta ce. "Kuma ya sa rigarsa a baibai."

Mama ta fashe da dariya, hawaye yana zuba. "Alhamdu lillahi!" Ta jawo su duka biyu ta rungume.

"Allah ya taimake ku abin ba shi da nauyi," in ji likita.

Yaron ya tuna da babban jirgin nan mai haƙora. Da shi aka saya, da idon ya tafi.

Ya ce ba zai sake taɓa jirgin ba. Amma Kawu ya manna fiffiken da ya karye, ya maida farfelar.

"Jirgin ba shi da laifi," in ji Kawu. "Kunnenka ne ba ya jira. Zo mu je."

Suka tafi babban filin ƙwallo da safe, ba kowa. Auta ta tsaya can bayan Mama, da ɗan tabo a saman ido. Kawu ya maida makunnin sama, ya sake yin bayanin dama da hagu.

"Ka gane?"

Yaron ya buɗe baki, sai ya tsaya. Ya waiwaya ya kalli Auta.

"Ban gane ba, Kawu. Don Allah a sake."

Kawu ya yi murmushi, ya sake daga farko. Ranar jirgin ya tashi lafiya, ya sauka lafiya a kan ciyawa. Auta ce ta fara yin tafi.

Yara, ku saurari bayani har ƙarshe kafin ku ce kun gane. In ba ku gane ba, ku faɗa, ba abin kunya ba ne. Gaggawarku tana iya cutar da wanda kuka fi so.