Ɗakin Ƙarfe Huɗu da Minti Goma

Da hantsi wata tela ta zo caji ofis: 'yarta mai shekara sha shida ba ta kwana gida ba. Insifekta ya bi ta gidan.

Ɗakin yarinyar tsaf. Labule ruwan hoda, kwali an shimfiɗa masa tawul kamar gadon jariri, agogon bango tsaye a huɗu da minti goma.

"Batir ne ya mutu?"

"Ita ta cire, Yallaɓai. Wai haka ake yayi."

Yayar yarinyar ta miƙo waya. A bidiyo, wata yarinya tana jijjiga jariri tana murmushi, mutum dubu ɗari biyu suna yi mata barka. Uban jaririn dai ba wanda ya tambaya. Labulen ɗaya ne, agogon ma huɗu da minti goma.

A makaranta ƙawar 'yar telar ta rantse ba ta san komai ba. Insifekta ya karɓi wayarta, ya ga ɗakinta a hoto. Agogo tsaye.

"Ke ma batirinki ya mutu?"

Ta sunkuyar da kai. "Darakta ne ke zaɓar masu fitowa a bidiyon, mai shagon hoto. Ya ce sai mai ciki na gaske."

Darakta ya tarbe shi da fara'a. "Hoton fasfo kawai nake yi, Ranka ya daɗe."

"Mai fasfo da gwangwanin fenti ruwan hoda?"

Insifekta ya yaye labulen baya. Ga ɗakin: bango uku na katako, babu rufi. Yarinyar tana zaune tana jijjiga gado, ciki ya fara turo riga. A gadon, 'yar tsana ce ido buɗe.

Darakta ya zauna a ƙasa. "Ta farkon, matashin kai na cusa mata a riga. 'Yan kallo suka gane, suka watse. Gaskiya suke so, Yallaɓai."

"Cikin na waye?"

Darakta ya ce, "Nawa ne."

Kofur ɗin da ya rako Insifekta ya sa wa Darakta ankwa, ya ja shi waje.

Insifekta ya durƙusa. "Tashi, 'yata. Umma na jiranki."

Murmushinta bai motsa ba. Idonta na kan kyamara, wadda ko a kunne ba take ba.

"Baba, ɗan matsa," ta ce a hankali. "Ka tare min haske."