Koren da Bai Bushe Ba

"Yaushe rabonki da zanen?" in ji Insfekta Khaulah, 'yar wani Bakano, haifaffiyar unguwar Kampung Baru a nan ƙasar waje, wadda ake tura wa ƙarar 'yan Najeriya.

"Jiya da la'asar, ranki ya daɗe, ko bushewa bai yi ba." Salama ce, ɗalibar da zanenta ya ɓace. "Jibi malamai za su duba shi. In babu shi, babu digiri."

Shekara uku tana nazarin yadda masu zanen Turai na ƙarshen ƙarni na sha tara suke sauraren kiɗa mai tsuma zuciya su mayar da shi launi. Ita ma hanyarsu ta bi: saurayinta Haggai na kaɗa fiyano, tana zane, a wannan ɗakin aiki da suka kama a unguwar Sentul.

Khaulah ta duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Maigadi ya rantse babu wanda ya fita da allon zane.

"Makulli nawa ne?"

"Biyu," in ji Haggai. "Amma tun Talata ina unguwar Sri Petaling, ban leƙo ba."

Khaulah ta ɗaga murfin fiyanon. A gefensa akwai shatin yatsa, kore, ɗanye.

"Salama, yaushe kika fara sa kore?"

"Jiya."

"Malam Haggai, kaɗa mana abin da take zanawa."

Ya zauna kamar mai jiran hukunci. Kiɗan ya taso da daɗi, amma da hannunsa na hagu ya sauka, sai amon ya dushe.

"Ba haka muryarsa take ba," Salama ta ce a hankali. "Akwai abu a cikinsa."

Kofur ɗin da ya rako Khaulah ya cire katakon ƙasan fiyanon. Ga zanen a tsaye, wayoyi sun kwashe fentin, aikin wata huɗu ya zama taɓo.

"Don me?" in ji Khaulah.

Haggai ya sunkuyar da kai. "Tana gamawa za ta koma Jos, ni saura shekara biyu. Kullum ina kaɗawa, ina ji kamar da hannuna nake raka ta filin jirgi. Zango ɗaya kawai na so ta ƙara."

Khaulah ta sha ganin ɓarayi, ba ta taɓa jin ɗaci irin na yau ba. Aka sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Salama, so ne fa."

Ba ta dube shi ba. Ta rufe fiyanon, ta jawo sabon allo.

"Kwana biyu gare ni. Zan sake zana shi ba kiɗa, Asabar kuma in hau jirgi."