Foldar da Ba Ta da Mai Ita

Ana gab da magariba a birnin Semarang, maigida Pak Gunardi ya leƙo ofishin Wulan, mai kula da manhajar kamfaninsu na ɗaukar hotunan biki.

"Hoton nan ya sake faɗawa cikin hotunan wata amarya. Uwarta har zagina ta yi. Ki gano foldar da yake fitowa, ki toshe ta kafin ki tafi."

Ya ɗauki lemarsa ya sauka.

Hoton ba wani abu ba ne, wata doguwar baranda ce babu kowa. Wulan ta aika wa rumbun ajiyarsu na intanet lambar hoton, tana tambayar foldar da ke riƙe da shi. Amsa ta zo da lambar wata folda. Ta tambayi uwar wannan, wato babbar foldar da take ciki, sannan uwar uwar, har ta kai ta ƙarshe, wadda ake raba wa mutane damar shiga.

Gurbin sunan mai ita wayam. Mutum ɗaya aka raba wa: Wulan.

Aka fara kiran salla. Ruwa na dukan kwano.

Ta buɗe foldar. Sai a lokacin ta gane barandar. Tasu ce, ga ma tsagaggen tayil ɗin bakin matakala.

Sabon hoto ya shigo. Ƙofar ofishinta, daga waje.

Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin. Fanka ta tsaya.

Ta lalubo waya, ta kira Pak Gunardi.

"Pak," ta ce cikin raɗa, "na gano ta."

Ya ce, "Kin buɗe?"

"Eh."

"Wanda ya riƙe aikin kafin ke ma ya buɗe. Wulan, kar ki waiwaya. Fita."

Ƙit! Layin ya katse.

Wani hoton. Ƙeyarta, da waya a kunne.

Numfashi mai sanyi ya taɓa wuyanta.

Ta runtse ido, ta kama Ayatul Kursiyyu, baki na harɗewa. Ta laluba bango har ƙofa. Wani abu ya riƙe gefen mayafinta. Ta sakar masa, ta gangara matakala ba takalmi, ta faɗa cikin ruwan sama.

Sati biyu ta yi tana zazzaɓi. Ba ta koma ba, ko jakarta ƙanwarta ce ta ɗauko. Yanzu a gida take aiki, kuma duk inda ta shiga, ko gidan biki ne, sai ta nemi kujerar da ta jingina da bango.