Moɗar Iya Zamfira

A rana ta huɗu ta tafiyarmu abin ya faru, dab da faɗuwar rana.

Mu talatin da biyu muka taso daga Suceava a kan kekuna, za mu bakin teku, muna tara gudummawar haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan da ruwansu ya lalace. Sunana Ilinca, ma'aikaciyar jinya ce ni. Aikina in biyo bayan ayari da jakar magani, duk wanda ya gaza in tsaya da shi.

Kullum kuwa mutum ɗaya ke gazawa, Octavian Brebenel. Shekararsa sittin, ga tumbi, ga keken da ya fi motar mijina tsada. A da yana da babbar masana'antar jimar fata. Ya fi kowa ba da gudummawa, shi ya sa aka buga sunansa a bayan rigunanmu.

"Kawu Tavi, keken nan kuka yake, ka tausaya masa," nakan ce.

"Yi ta surutu, sarauniyar allura."

Ran nan muka tarar ana gyaran gada, aka karkatar da mu wata hanyar tsakuwa da ta ratsa ƙauyen Sterpeni. Da Octavian ya ji sunan, sai ya sauke ƙafa ƙasa.

"Babu wata hanyar?"

"Babu. Mene ne?"

Kafin ya yarda ya hau, sauran sun sha kwana, motar da ke raka mu kuma ta bi ta titin manyan motoci. Muka rage mu biyu.

Gonakin masara dama da hagu, sun bushe, suna ta shuu. Ba kare, ba tsuntsu. Octavian ya ɗaga gorarsa, ba ko ɗigo. Na miƙa masa tawa. Ita ma wayam, alhali da hannuna na cika su bayan mun ci tuwon masara da cuku.

"Ƙishi, Ilinca," ya ce. Leɓunansa har sun tsage.

Sai muka ji kukan jigo. Ƙiii. Ƙiii.

Rijiya ce a bakin hanya, da ɗan gicciye na katako a gefenta. Wata tsohuwa mai baƙin kallabi tana jawo guga. Wari ya riga mu isa: warin ruɓaɓɓiyar fata da farar ƙasa.

"Sannu da aiki, Iya," na ce.

Ba ta dube ni ba.

"Ka daɗe ba ka zo ba, Tavi."

Can ƙasa-ƙasa muryar ta fito, kamar daga cikin rijiyar.

"Ban san ki ba," ya ce.

"Zamfira ce. Na je ofishinka da kwalbar ruwan nan, na ce gangunan dattin masana'antarka da ka binne a bayan tudu suna yoyo. Ka tuna amsar da ka ba ni?"

Ya kawar da kai.

"Cewa ka yi in tafasa." Ta tsoma moɗar ƙarfe a gugan. "Na tafasa. Na ba jikata Smaranda. Shekararta shida."

Ta miƙa masa. Ruwan baƙi ne, da kumfa ruwan ƙwai a samansa.

"Kada ka sha!" na ce.

Yana girgiza kai, yana hawaye, amma hannunsa ya miƙe da kansa. Na ji wucewar ruwan a maƙogwaronsa.

"Wannan na Smaranda."

Ta sake cikawa.

"Na Petrache makiyayi."

Ya sha.

"Na matar limamin coci, da abin da ke cikinta."

Ya durƙusa. Cikinsa ya kumbura, rigar ta ɗame. Ya dube ni, ba ya iya magana.

Na yar da keke na cafke hannunta.

Yatsuna suka nutse, kamar na damƙi laka mai sanyi.

Ta juyo.

Babu idanu a fuskar. Ramuka ne biyu, ruwa na kaɗawa a cikinsu, can nesa, kamar ka leƙa rijiya.

"Ke ba ruwanki, 'yar nan. Tafi."

Na juya zan gudu. Nan ta ga bayan rigata.

"Au. Ashe tasa ce ke."

Igiyar gugan ta naɗe wuyan rigar. Aka ja ni baya. Dugadugaina suna jan tsakuwa. Ƙuguna ya bugi bakin rijiyar, sanyi ya taso daga ƙasa ya taɓa ƙeyata.

Na laluba zik. Ya maƙale.

Na fizga da hannu biyu.

Rigar ta suɓule, ta tafi ƙasa. Ban ji ta taɓa ruwa ba.

Da 'yar shimi na isa Sterpeni, a guje, ba keke. Na buga ƙofar farko. Wani dattijo ya saurare ni har na gama, sannan ya yi alamar gicciye.

"Zamfira kam mun binne ta shekara goma sha ɗaya ke nan. Waccan aljanar rijiyar ce, fuskar Zamfira ta ara." Ya dube ni. "Brebenel kika ce?"

"Don Allah, Baba, mutuwa zai yi."

"Bari in gama cin abincina."

Sai da ya gama kuwa, ya wanke hannu, sannan ya ɗaura wa dokinsa amalanke. Muka tarar da Octavian kwance shi kaɗai, yana numfashi da ƙyar. Kusa da kansa an yi zane-zane da yatsa a laka, kowace moɗa da zanenta, na ƙirga. Goma sha bakwai.

A asibitin Vaslui aka gwada jininsa, ba a ga guba ba. Amma daga ranar bai sake iya haɗiye ruwa ba. Ko wane iri aka kawo, sai ya ture yana kakarin amai. Ya kira 'yan sanda da kansa, ya faɗi inda gangunan suke. An tono arba'in da ɗaya. Yana tsammanin hakan zai sa aljanar ta sake shi.

Na je duba shi a mako na bakwai. Ya ƙanjame, ƙarin ruwan ma jijiyoyinsa sun daina karɓa.

"Ki jiƙa mini leɓe kawai," ya ce da raɗa.

Na zuba ruwa a kofi, na kurɓa a gabansa don ya gani. Garau yake. Na tsoma auduga na kai bakinsa.

Tana taɓa leɓensa ta yi baƙi ƙirin, warin ya cika ɗakin.

Na ajiye kofin. Ban sake gwadawa ba.

Bayan kwana uku ya mutu, famfo na ɗiga a kusurwar ɗakin.