Hannun da Ya Zama Fis

Ku ajiye wayoyin nan ku matso. Wanda ya san ba zai iya fita alwala shi kaɗai ba, ya tashi tun yanzu.

A layin makanikai na bayan tasha akwai masu gyaran wayar mota biyu, rumfunansu na kallon juna: Tanimu da Sallau. Tanimu ne ya koya wa Sallau aikin, amma sai ga shi duk mai tsohuwar mota, irin ta zamanin kakanni, Sallau yake nema. Abin nan yana cin Tanimu a rai. Kishi ne tsagwaronsa. In ya ji an ce "Sallau akwai hannu", ranar ko abinci ba ya yi masa daɗi.

Wata Laraba, gab da magariba, kowa ya rufe ya tafi masallaci. Tanimu kaɗai ya rage yana naɗe waya. Sai ga wata baƙar mota, doguwa, mai zagayayyun fitilu. Bai ji ƙarar injinta ba. Ganinta kawai ya yi a bakin rumfa.

Wani dattijo ya fito, farar rigarsa fes.

"Kai ne Sallau?"

Tanimu ya dubi rufaffiyar rumfar da ke gabansa. Har wannan ma Sallau yake nema. Zuciyarsa ta yi baƙi.

"Ni ne, Baba."

"Fitilata ke mutuwa. Ina da tafiya."

Leɓen dattijon ya riga ya rufe kafin maganar ta iso kunne. Tanimu ya lura, ya ce a ransa gajiya ce.

Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ga fis ya ƙone. Kun san fis, ɗan abin nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, don kada mota ta kama. Ya sa sabo, ya ƙone. Ya sa wani, ya ƙone. Tanimu ba sabon shiga ba ne, ya san dalili. Wayoyin tsofaffin motoci da zare ake naɗe su, in zaren ya ruɓe sai waya ta riƙa taɓa ƙarfen mota. Aikin gaskiya shi ne ka bi wayar ɗaya bayan ɗaya, ka naɗe inda ta ɓare, sannan ka sa fis daidai lambarta. Har ya hango wurin, can kusa da feda.

Amma ya bar shi. Ya tsinci kwalin sigari a ƙasa, ya zare takardar nan mai ƙyalli, ya naɗe ƙonannen fis da ita ya mayar. Wannan kam ba za ta tsinke ba, sai dai motar ta ci wuta a hanya. In ta ci, sunan Sallau za a kama.

Fitilu suka kama tar.

"Ka gama?"

"Na gama, Baba."

"Duba gaba, ka tabbatar."

Ya ɗaga bonet. Jama'a, babu batir. Kawunan wayoyin na reto a wofi, ga kuma fitila na haske. Ya sunkuyar da kai don kada su haɗa ido, sai ya ga inda dattijon ya taka cikin baƙin mai. Ba sawu ko ɗaya.

"Fis shi ke mutuwa a madadin mota," in ji dattijon. "Ka hana shi mutuwa. To wa zai ƙone a madadinta?"

Ko a nan, da Tanimu ya faɗi gaskiya, wataƙila da ya tsira. Amma kishin bai sake shi ba.

"Sallau ne ya yi aikin," ya ce.

"Mu ba ma bin suna. Hannu muke bi."

Ya miƙo hannu suka gaisa. Tafinsa sanyi ƙalau, kamar gindin randa. Tanimu ya ƙifta ido, ba mota, ba dattijo.

Yana isa gida, hannunsa na dama ya ɗau zafi. Wani baƙin layi siriri ya fito daga yatsa zuwa wuyan hannu, yana warin ƙonanniyar roba. An yi tofi, an shafa magani, an je asibiti. Da rana lafiya lau. Amma kullum magariba ta yi, lokacin da motar ke kunna fitila a duk inda take, sai wutar ta biyo ta hannunsa. Filaya ma ta gagare shi riƙewa.

Da ƙyar ya tsallaka titi ya faɗa wa Sallau komai. Sallau ya ce, "Maigida, da ka turo min shi, ai cewa zan yi kai ka koya min. In motar ta dawo, ni zan naɗe wayar."

Shekara bakwai ke nan Tanimu na zama a bakin rumfar Sallau kowace magariba, hannu cikin bokitin ruwa, ido a kan titi. Motar ba ta dawo ba. Layin kuwa ya wuce gwiwar hannu.

Don haka kada magariba ta riske ku a layin nan ku kaɗai. In kuma baƙo ya kira sunan da ba naku ba, ku nuna masa ƙofar mai sunan.