Mutum Huɗu a Kan Zane

Shekara ashirin da biyu ina koyar da tsara na'urorin sanyaya gini da ɗumama shi a cibiyar koyon sana'a. Na ga malalata, na ga masu kan dutse, na ga waɗanda iyaye suka turo don kawai a huta da su a gida, kuma duk na yafe musu. Mutum ɗaya ne har yau in na tuna shi nake jin kamar in tofar da yawu, shi ne wanda 'yan ajinsu suka laƙaba wa suna Kintace.

Aikinmu ba shi da wani asiri. Kafin ka faɗi girman na'urar da ɗaki yake bukata, sai ka auna tsawo da faɗi, ka ƙirga tagogi, ka duba ta inda rana ke dukan bango, sannan ka rubuta a kan zanen mutanen da ke zama a kowane ɗaki, domin jikin ɗan Adam ma zafi yake fitarwa. Kintace ba ya shan wannan wahala. Zai tsaya a bakin ƙofa, ya kanne ido ɗaya kamar mai tayin rago, ya ce, "Malam, wannan ɗaki na'ura mai ƙarfin doki biyu zai ci." In na tambaye shi lissafin, sai ya buga ƙirji ya ce yana nan a ciki. Tef ɗin awonsa kuwa kullum yana maƙale a ƙugu, sabo fil, don ado.

Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar ƙarshe. A na biyun ya biyo ni ofis.

"Malam, a duba mini mana. Ina da iyali fa."

"Ka dawo ka maimaita shekarar," na ce. "Ni zan zauna da kai bayan an tashi, kyauta."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Wata shekarar kuma? Malam, kai da ka iya lissafin, me ka tara? Babur ɗin nan naka ai ya girme ni."

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji shi, bayan shekara uku, ranar da ya zo mini da hawaye da majina.

A ƙarshen layin masu gyaran firji akwai wani tsohon ɗakin ƙanƙara da aka yanke wa wuta tun da daɗewa. Nan ya nufa da rana tsaka, rana na ƙona ƙeya. Ya ture ƙofar mai kaurin katifa, sai wani sanyi ya doke shi har haƙoransa suka fara haɗuwa. Wayoyin wuta a tsinke suna lilo daga rufi, amma bangon duk farin ƙanƙara ne. Jerin ƙugiyoyin da a da ake rataye nama suna nan, kowace an soke mata takarda a naɗe, wasu sun yi baƙi, wasu sababbi. A tsakiyar ɗakin akwai kasko cike da garwashi jajur, ya kai hannu kusa bai ji ɗumi ko kaɗan ba. Bayan kaskon wani tsoho ne zaune ba riga, siriri, girarsa fara fat da raɓar da ta daskare. Shi ne bokan da ake kira Mai Ƙanƙara.

"Me ya kawo ka?"

"Baba, so nake duk ginin da na sa wa hannu ya yi sanyi. Ko da ƙaramar na'ura, ko da fanko na rataya."

Tsohon ya yi wata dariya marar sauti. "Malaminku bai gaya muku ba a ƙera sanyi ba? Zafi ake kwashewa a kai wani wuri. Shi ya sa kuke rataye rabin injin a bayan gini. Waɗanda nake aiki da su za su kwashe maka, amma sai ka nuna musu inda za su sauke."

"Su kai daji."

"Dajin naka ne?"

"To, su kai gidan malamin nan nawa."

Da bakinsa ya maimaita mini wannan, ko ƙifta ido bai yi ba.

"Sai abin da yake naka, yaro," in ji boka. "In ba ka da komai, ga ƙofa nan."

Nan wayon banza ya motsa masa. Gidan haya yake zaune, ciki uku da falo. Ya ce a ransa, in kuɗi suka shigo ai tashi zai yi, mai gida ya san yadda zai yi da tandarsa.

"Ina da gida, Baba."

Tsohon ya miƙa masa takarda da fensir. "Zana mini shi. Yadda ake yi a makarantarku, kada ka bar komai."

Ranar ce kaɗai a rayuwarsa Kintace ya yi aiki yadda na koya masa. Ya ja bango, ya sa tagogi, ya nuna gabas. Sannan ya bi ɗakunan ya rubuta masu zama a ciki. Na farko, Innarsa da ta haife shi. Na biyu, yayarsa da mijinta ya rasu ta dawo wurinsa. Na uku, matarsa da 'yarsu mai shekara uku, wadda suke kira Ɗigo saboda ƙanƙantarta.

Boka ya karɓa ya duba. "Mutum huɗu na gani. Kai a ina kake kwana?"

"Ni Baba, yawon aiki zan shiga. Zaman gida zai yi mini wuya."

Kada wani ya zo yana ce mini bai gane ba. Wanda bai gane ba ba ya tsallake sunansa.

Tsohon ya zare tef ɗin daga ƙugun Kintace, ya ja bakin ƙarfen a kan babban yatsansa, ya sa shi dangwala jini a kan kowane suna. Ya ɗauki garwashi huɗu da hannu ya jera a kai. Takardar ba ta ƙone ba, garwashin ne suka dushe ɗaya bayan ɗaya kamar an tsotse su. Ya ɗora masa dunƙulen ƙanƙara a tafin hannu ya ce ya riƙe har ta narke, yana ta ƙunƙuni da wani harshe. Da ya gama, ya naɗe zanen ya soke shi a ƙugiya, kusa da na sauran sakarkarun da suka riga shi zuwa.

Aikinsa na farko wani otal ne mai ɗaki arba'in. Ya zuba musu na'urorin da ko rabin ginin ba za su iya ba, amma sai ga baƙi suna roƙon bargo. Wuta kaɗan suke ci, ba sa ƙara, ba sa lalacewa. Labari ya bazu. Cikin wata biyu ya kwashe iyalinsa daga gidan haya zuwa gidan bene, yana dariya a ransa yana tausayin wanda zai gaje shi a gidan hayar. Wanda ya gaje shi har yau yana nan yana barcinsa lafiya lau.

Ya buga kati da sunan Injiniya. Ya zo cibiyarmu da mota mai baƙin gilashi, shugabanmu da kansa ya tare shi, aka tara ɗalibai ya yi musu jawabi a kan baiwa. Washegari wani ya ɗaga hannu a aji ya ce, "Malam, tunda Injiniya bai ci jarrabawa ba, mu me ya sa muke wahalar lissafi?" Wannan tambaya ta ci mini rai fiye da zagin babur.

Zazzaɓi ya kama iyalinsa tun makon da aka buɗe otal, ya bi su har gidan benen. Duka huɗun suka kwanta, shi kaɗai ke yawo garau. Likitoci suka ɗebi jini, suka ɗauki hoto, ba su ga komai ba. Ya sa wa kowane ɗaki na'ura biyu, a banza. Inna takan ce tafin ƙafarta ke ci da wuta, in aka jiƙa mata tawul ta taka, kafin a juya ya bushe. Ranar da aka kunna wani zauren taro mai kujera dubu da ya yi wa aiki, ta cika. Matan da suka yi mata wanka sun fito suna yarfe hannu.

Yayarsa ce ta fara lura. Ta tare shi a bakin mota, leɓɓanta duk sun tsage.

"Ƙanena, tsaya. Me ya sa duk lokacin da aka ɗauke wuta a gari muke samun sauƙi, in an dawo da ita mu koma? Me ka yi?"

"Yaya, zafin ciwo ne ke sa ki surutu. Ki je ki kwanta."

"Ni na goya ka. Dube ni ka ce ba ka san komai ba."

Ya shige mota ya ja gilashi. A watan ya shawarci masu gine-ginen su sayi janareto don kada sanyinsu ya riƙa yankewa. Yaya ba ta ga ƙarshen watan ba.

Matarsa kuwa hankalinta ne ya fara tafiya. Ta koma zama cikin bahon wanka da kayanta, ruwan yana yin ɗumi tana kuka a canza. Daga baya ta fara fita titi da taɓarya, duk inda ta ga injin sanyi a bango sai ta hau shi da duka tana ihu, "Ku kashe! 'Yata ce a ciki!" 'Yan'uwanta suka zo suka tafi da ita a ɗaure, a hannunsu ta rasu.

Saura Ɗigo, shekararta shida, ita kaɗai ke ɗauke da gini goma sha ɗaya. Ga kuma wani dogon bene mai hawa goma sha huɗu, duk jikinsa gilashi, saura mako guda a kunna shi.

Lokacin ne ya tuna da mai tsohon babur. Ya same ni a ɗakin gwaji bayan ɗalibai sun fita, ya durƙusa, ya zayyane mini duk abin da na ba ku. Yarinyar tana kwance a kujerar bayan mota. Na leƙa na taɓa goshinta, na janye hannu ba shiri. Ta buɗe ido ta ce, "Baba, don Allah ruwan sanyi." Na ɗauko mata daga firji, gorar har tana raɓa. Ta kurɓa, ta dube ni ta ce, "Wannan ai an dafa shi."

Na juya wurin uban. "Tashi ka je ka kashe su duka, yau ɗin nan. Ka gaya wa masu ginin na'urorinka ba su isa ba. Zan kwaso ɗalibaina mu auna kowane ɗaki, mu sake tsari na gaskiya, ko sisi ba na so."

"Malam, ɗaure ni za su yi. Sunana fa?"

"Sunanka ko 'yarka?"

Ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota. Sai ya ɗago, ya dubi yarinyar ta gilashi, ya kanne ido ɗaya.

"In hawa bakwai kawai aka kunna fa? Yara suna da juriya, Malam. Ina ga za ta ɗauka."

Ban taɓa marin ɗalibi ba sai ranar. Ya dafe kunci, ya shiga mota ya tafi da ita.

Na yi abin da zan iya, kuma bai isa ba. Na je otal, na je zauren taro, na je wurin manajan dogon benen da takardun lissafina, na nuna masa injinan ba za su iya ko hawa uku ba. Ya tsaya cikin sanyin ofishinsa yana kallon ƙurar takalmina, ya ce hassada ba ta da kyau ga dattijo. Masu gadi suka raka ni waje.

Ranar buɗewa, da ƙarfe goma sha biyu, aka yanke ƙyalle aka kunna hawa bakwai. Mai jinyar yarinyar ta kira shi sau tara yana kan mumbari. Sai da ya kammala jawabinsa aka tafa, sannan ya duba waya.

A sa'ar da Ɗigo ta cika, gine-gine goma sha biyu suka koma tanda. Injina suka yi gurnani suka ƙone, mutane suka fito da gudu suna cire riguna. Da aka kira masu aikin gaskiya suka kwance na'urorin, wasu ko kwamfuresa, wato zuciyar injin, babu a ciki. Aka ƙwace gida da motoci, ya yi shekara biyu a kurkuku. A kotu ya yi kuka sosai, amma da aka zo kan motocin ne.

Ku da kuke ganin shekarar koyo ta yi muku tsawo, ku da kuke ƙyashin motar wanda ba ku san me ya jingina ba, ku ji tsoron Allah. Babu dukiyar tsafi da ake biya da aljihu, da mutane ake biyanta, kuma na kusa ake fara ɗauka. Kada ku ce labari ya ƙare da ɗaurinsa, domin ya fito. Masu gyaran firji sun gan shi sau biyu yana shiga ɗakin ƙanƙarar nan. Watan jiya na gan shi da idona a shagon aski, da rigarsa ɗaya tal amma ta sha guga, yana tambayar mai shagon labarin wata bazawara mai 'ya'ya biyar. Wai shi mutum ne mai son yara, ya fi son gida a cike. Mai shagon har yana cewa ai irin su Injiniya ba sa daɗewa a ƙasa, a ba shi aurenta kawai. In ya zo ƙofarku da sallama mai taushi yana tambayar ku nawa ne a gidan, kada ku shimfiɗa masa ko tabarma.